Hatimi na Ashirin da Uku

Kwana shida katakon sanarwar unguwarmu ya yi a gidan mahaifin saurayina bai fito ba. Ku da kuka saba bina a nan kun san ba ni da saurin tsorata, amma safiyar Talatar nan ko shinkafata ban taɓa ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Hayasaka Chinatsu, shekarata ashirin da takwas, ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandaren garinmu, Kurumisawa. Ɗalibaina na aji biyu su goma sha huɗu ne kacal. A bayan makarantar akwai wani tsohon kwamin ninkaya da ya tsattsage, shekara bakwai ba wanda ya tsoma ƙafa a ciki, ofishin gari kuma ya ƙudurta cike shi da siminti a mayar da shi wurin ajiye motoci. Ni kuwa tun watan Afrilu na ba yaran aiki, na ce su zagaya makarantarsu da idon wanda zai sake gina ta. Suka auna zafin ajinmu da rana, suka auna ruwan da ke zuba daga indararo yana tafiya a banza, suka dawo mini da zane. Ruwan saman rufi zai taru a kwamin nan, daga kwamin a shayar da lambun da zai ba kicin ɗin makaranta ganye, a kuma dasa garahuni ya yaɗu a kan tagogi ya tare rana. Da na gani sai da na juya musu baya na goge ido.

Kwamitin gari zai zauna ranar Juma'a. Ba ya sauraron shawarar unguwa sai an kai masa ita kafin tsakar ranar Laraba, ɗauke da hatimin kowane gida. Gida ashirin da uku ne a unguwarmu.

Kuskuren da na tafka shi ne wannan. Katakon sanarwa daga gidan shugaban unguwa yake fita, ya bi gida gida, kowa ya karanta ya buga hatimi ya miƙa wa maƙwabci, har ya koma inda ya fito. Gidanmu ne na farko bayan nasa. Da ya iso mana da takardar ranakun kwashe shara, sai na maƙala zanen yaran a kai, na buga hatiminmu, na miƙa gaba. Shekara takwas da na yi a birni ta sa na manta cewa sabon abu ba a ɗora shi a hanya. Ana kai shi gidan shugaba ne da ƙafa, a zauna, a sha shayi, shi ya ɗora da hannunsa. To, shugaban unguwarmu, Kumagai Tokuji, shi ne ya ga zanen a ƙarshe, da jajayen hatimi ashirin da biyu reras a ƙasa, kamar an gama shawara ana sanar da shi. Kuma shi ne mahaifin Ryohei, wanda Gwaggo Sachie ta haɗa mu wata huɗu da suka wuce.

Mama ta dire kwanon miyar miso a gabana har ta fantsalu.

“Matar mai shagon tofu, awarar waken suyan nan, ta tambaye ni jiya wai ko lafiya tsakaninmu da gidan Kumagai. Mai tofu fa, Chinatsu.”

“Da kin ce mata lafiya lau.”

“Na ce mata lafiya lau, ta ƙara mini yanka ɗaya kyauta. Kin san abin da ake ba mutum kyauta a kai? Tausayi.” Ta zauna tana gyara igiyar rigar girkinta. “Ki je ki karɓo takardar nan, ki ce kuskure ne, yara ne suka yi wasa. Shi ke nan magana ta mutu.”

“Ba wasa suka yi ba, Mama.”

“Ke kuma aure wasa ne? Mutum mai hankali, ga aiki a ofishin gari, ba ya shan taba, yana cin duk abin da aka ba shi. Kin san shekara nawa na yi ina jiran wanda zai zauna ya saurari surutunki na kwaɗi da ruwan sama bai yi hamma ba?”

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi yi mini zafi. Ryohei ba mai yawan magana ba ne. Ranar da muka fara haɗuwa na yi minti arba'in ina ba shi labarin yadda ake takin ganye da tsutsa, da na gama sai ya ce, “Tsutsar fa, ina take zuwa da sanyi?” Daga ranar na san ina cikin matsala.

A kan hanyar makaranta na tsayar da keke a bakin gada na rubuta masa.

“Babanka ya ce wani abu?”

“Bai ce ba. Yana shiga ɗaki da katakon ya ja ƙofa.”

“Fushi yake?”

“Jiya ma ya sake aike ni sayen jan fensir.”

“Jan fensir na me?”

“Ban sani ba. Kin ci abinci?”

Kun ji shi fa. Gari na ci da wuta, shi yana tambayar abinci.

Bayan an tashi, lokacin sharar aji, Mihiro ta tsaya a gabana da tsintsiya. Ita ce shugabar aikin, yarinya 'yar firit mai gajeren gashi da bakin da ba ya jiran izini. Ita ta hau tsani ta auna indararo, ita ta rubuta bayanin da ke saman zanen.

“Sensei, gobe Laraba.”

“Na sani.”

“Kakata ta ce katakon yana gidan surukinki.”

“Ba surukina ba ne. Ki share ƙarƙashin teburin can.”

“Na share. Kin ce mana idan muka yi aikin da kyau manya za su saurare mu. Mun yi da kyau?”

“Kun yi.”

“To?”

Sauran duk sun daina shara suna kallona. Yara goma sha huɗu, rabinsu sun riga sun gaya mini da zarar sun gama makaranta za su bar garin nan don ba abin da ke canzawa a cikinsa. Wata uku na yi ina ƙoƙarin nuna musu ba haka ba ne.

“Yau da ƙarfe biyar zan je gidan,” na ce.

“Zan bi ki.”

“Ba za ki bi ni ba.”

“Ni na rubuta. Idan zagi ne a zage mu tare.”

Da na koma gida na tarar Mama ta shimfiɗa mini kaya a kan gado: shuɗin siket mai duhu da ya wuce gwiwa, farar riga mai maɓalli har wuya, safa sabuwa dal. Ga alewar wake daga shagon bakin tasha, an naɗe ta a ƙyalle ruwan toka. Ta sa na cire 'yan kunne, ta ɗaure mini gashi ta baya har fatar goshina ta miƙe.

“Ki durƙusa tun daga bakin shiga. Kada ki zauna a kan matashi sai ya ce sau biyu. Kada ki ce ‘amma’.”

“Idan ya ce in janye fa?”

Ta tsaya da mataji a hannu, ta daɗe tana kallona ta madubi.

“Hatimin gidanmu da ke kan takardar nan ai nawa ne ni ma,” ta ce a hankali. “Zanen ya yi kyau. Tafi kada ki makara.”

Mihiro na jirana a ƙofar gidan Kumagai cikin kayan makaranta, ta goge takalmanta har suna ƙyalli. Gyare na ta kuka a bishiyoyi, zufa na bin bayana. Ryohei ne ya buɗe mana, da alama daga ofis ya dawo, ko lakatayel bai kwance ba. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya jera mana silifa.

Tsohon yana zaune a kan tabarma a ɗakin baƙi, baya a miƙe, katakon a kife a gabansa. Shekararsa saba'in da takwas, hannayensa kamar saiwar itace. Na durƙusa, na tura alewar gabansa, na sunkuya har goshina ya kusa taɓa tabarma.

“Kumagai-san, na zo ba da haƙuri. Ya kamata in fara kawo maka takardar nan kafin kowa. Laifina ne, ba na yara ba.”

“Hayasaka-sensei, kin iya ƙirga?”

“Na iya.”

“Ashirin da biyu. Har da na tsohuwar da ke bayan wurin ibada, wadda ba ta gani. Shekara goma sha tara ina riƙe da katakon nan, ban taɓa karanta labarin unguwata a bayan kowa ba sai da kika dawo daga birni.”

Kalmar ‘amma’ ta zo har bakina, na haɗiye ta.

“Wannan na yafe, ƙuruciya ce.” Ya juya katakon ya ɗora yatsa a layin farko. “Wa ya rubuta wannan?”

“Ni ce,” in ji Mihiro.

“Karanta.”

Ta karanta da ƙarfi kamar a aji. “Tsohon kwamin da ba shi da amfani, wanda ba wanda ya san dalilin gina shi a nan.”

“Ba wanda ya sani,” ya maimaita. “Wa kika tambaya?”

“Mun duba ɗakin karatu. Mun tambayi shugaban makaranta, ya ce bara aka kawo shi.”

“Ni fa?”

“An ce kana cizo.”

Na ji kamar tabarmar ta buɗe in shige. Ryohei, da ke zuba mana shayin sha'ir mai sanyi, ya juya fuska yana tari. Tsohon ya ƙura mata ido, gefen bakinsa ya ɗan motsa, sannan ya koma yadda yake.

“Ina da ƙanwa, Toshie,” ya ce. “Shekararta tara. Wata damina kamar wannan ta bi ƙawayenta kogi, a ƙasan gadar da kike bi kullum, Sensei. Ba wanda ya iya ruwa a cikinsu, ita ce ba ta dawo ba. Bayan shekara biyu mazan unguwar nan suka ɗauki shebur. Ofishin gari bai ba mu ko buhun siminti ɗaya ba. Duk Lahadi muke haƙa, mata na kawo dunƙulen shinkafa, har muka gama. Daga ranar da aka cika shi da ruwa, kogin nan bai sake cin yaro ɗaya ba. Uwarki a ciki ta koyi iyo, yarinya. Ni na riƙe mata haɓa.”

Mihiro ta sunkuyar da kai. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni. Na koya musu auna rufi, na koya musu lissafin ruwa, ban taɓa ce musu su je su ƙwanƙwasa ƙofar waɗanda suka gina wurin ba.

“Ka yi haƙuri, Kaka,” ta ce. “Zan goge layin.” Ta ɗago. “Amma siminti za su zuba masa. Mu ruwa za mu mayar masa.”

Ga ‘amma’ ɗin da aka hana ni, yarinya ta faɗe ta ba ko gargada.

Tsohon ya jawo katakon. Ya ɗaga shafin farko, ya turo mana zanen. Masu karatu, da kun ga takardar nan. Ko'ina jan fensir ne, kibiyoyi, lambobi, ƙananan rubutu a gefe kamar jerin tururuwa. Abin da yake yi ke nan kwana shida a bayan ƙofa.

“Kun sa mafitar ruwa ta yamma,” ya ce. “Gindin kwamin gabas ya karkata, ni na daidaita shi. Idan aka yi ruwa irin na watan Satumba, yadda kuka zana nan, kicin ɗinku ne zai zama tafki, ku ci abincin rana a cikin kwalekwale. Akwai tsohon bututu a kusurwar nan, yana fita gonar shinkafar gidan Endo. Ba ya cikin takardar kowa. A kaina yake.”

Mihiro ta matso har gwiwarta ta hau gefen takardar. “Faɗinsa nawa?”

“Kamar cinyarki.”

“Wannan ba awo ba ne, Kaka.”

“To ki zo da abin awonki ranar Asabar in nuna miki, mai baki.” Ya buga yatsa a ɗaya kusurwar. “Sharaɗina ɗaya. Nan wurin ku bar shi ba zurfi, iya gwiwa, da tsakuwa a ƙasa. 'Yan firamare su riƙa shiga suna sabawa da ruwa. Ba don kabeji muka haƙa shi ba.”

“Za mu rasa kashi ɗaya cikin takwas na ruwan,” ta ce, tana lissafi da yatsu. Ta dube ni. Na ɗauke kai, don ba aikina ba ne. “Idan muka ƙara indararon ɗakin motsa jiki, zai cike. Mun yarda.”

Ya zaro hatiminsa daga 'yar jakar fata, ya hura masa iska, ya danna shi a jan tawada. Bai buga a ƙasa inda aka bar masa gurbi ba. A can sama ya buga, gaban na kowa, ya danna da ƙarfi har katakon ya yi ƙara.

Na fara godiya, ya ɗaga hannu.

“Kada ku yi saurin murna. Hatimina ƙofa kawai ya buɗe muku. Ranar Juma'a akwai wanda zai tsaya gaban kwamiti ya kare wurin ajiye motoci, kuma ya iya aikinsa, ni na haife shi.” Ya nuna Ryohei da haɓa. “Ga shi nan yana zuba shayi a kan tire.”

Shayin kuwa ya cika kofi yana malala.

Sai da muka raka Mihiro har kwanar gidansu sannan na juyo gare shi. Rana ba ta faɗi ba tukuna, kwaɗi sun fara kuka a gonaki. Na rungume katakon a ƙirji.

“Wata huɗu, Ryohei-san.”

“Na sani.”

“Na zauna ina ba ka labarin indararo, kana gyaɗa kai, ashe zanen simintin yana cikin jakarka.”

“Tun watan Fabrairu na zana shi, kafin in san ki. Tsofaffin da ke zuwa asibitin sha-ka-tafi a kan titi suke ajiye mota, an kusa kaɗe mutum biyu. Ba mugunta ba ce.” Ya sassauta lakatayel ɗinsa. “Kullum sai in ce yau zan gaya mata. Sai ki fara magana a kan yaran, fuskarki ta yi haske, sai in ce gobe.”

“Matsoraci.”

“E.”

Na so ya musa don in sami abin kamawa. Muka ci gaba da tafiya har bakin gada.

“Zan iya cewa ba ni da lafiya ranar Juma'a,” ya ce. “Wani ya karanta takardar a madadina. Ba zai iya amsa ko tambaya ɗaya ba.”

Na tsaya cak. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce karɓi. Sai na tuna fuskar Mihiro lokacin da take lissafi da yatsu.

“Idan ka yi haka ba zan sake ɗaga wayarka ba. Yaran nan ba sadaka suke nema ba. Ka zo da duk ƙarfinka. Kuma tsofaffinka suna da gaskiya, dole a sama musu wuri, zan gaya wa yaran su nemo.”

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ya yi mini ranar tsutsa.

“To ki sani, tambayar da zan fara da ita sauro ce. Ruwa a kwance kusa da aji, da zafi. Kwamiti zai tsaya a nan.”

“Me ya sa kake gaya mini?”

“Zan rubuta ta a takardar da za a raba gobe, kowa zai gani. Ke dai kin riga su da kwana ɗaya.” Ya sosa ƙeya. “Bayan Juma'a, ko wa ya yi nasara, ina so in zo gidanku in gaida Mama yadda ya kamata. Ta ƙofar gaba, kafin kowa ya ji.”

“Ka fara tsira daga hannun 'yan aji biyu tukuna,” na ce, na juya na kama hanyar gida don kada ya ga fuskata.

Da safe na biya ofishin gari na miƙa takardar tun ƙarfe takwas da rabi, na shiga aji, na ba su labarin tsofaffin asibiti da ba su da wurin ajiye mota. Tambayar Ryohei kuwa, ban gaya musu amsarta ba, don ni kaina ban da ita. Na ɗauki alli na rubuta kalma ɗaya a allo, babba: SAURO.

Mihiro ta karkata kai tana kallon allon, sannan ta dube ni.

“Sensei, wannan ba tambayarki ba ce. Tambayar mutumin ofis ce.”

Ajin ya fashe da dariya, na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ta tashi ta je bayan aji, ta janye ƙyallen da ke rufe da wani tsohon bokiti da na ɗauka na goge-goge ne. Ƙananan kifin gonar shinkafa ne a ciki, sun fi talatin, suna ta kai da kawowa.

“Sati uku muna ba su tsutsar sauro, muna ƙirgawa. Ɗaya yana cinye fiye da ashirin a yini, duk mun rubuta.” Ta mayar da ƙyallen, ta kakkaɓe hannu. “Ki gaya masa ya nemo wata. Yanzu ina maganar tsofaffin da ba su da wurin ajiye mota? Mota nawa ce?”

Na ce ban sani ba. Kafin in rufe baki yara huɗu sun ɗaga hannu za su je ƙirgawa bayan an tashi.

Lokacin hutun rabin rana na zaro waya a ƙarƙashin tebur na rubuta masa: “Ka yi barci da wuri yau da gobe. Za ka buƙace shi.”